Kujerar baya a Spitfire: abin da fasinja ke saye da fam 3,000

A kudancin Ingila, musamman daga watan Afrilu zuwa Oktoba, duk ranar da gari ya yi garau akwai wasu ƙananan filayen jirgi da ba a rasa jin rurin wani tsohon inji a cikinsu. Biggin Hill da ke gefen Landan, Goodwood, Headcorn a yankin Kent, da Duxford kusa da Kambirij. A waɗannan wurare mutum kan biya wajen fam 3,000, ko fiye, a sa masa rigar matuƙa da hular kwano, a ɗaura masa laimar dira, a ɗaure shi tamau a kujerar baya ta jirgin yaƙi mai suna Spitfire, a ɗaga da shi sama. Mafi yawan masu zuwan ba matuƙa ba ne. Akwai dattijon da 'ya'yansa suka haɗa masa kuɗi ranar cikarsa shekara 70, akwai wadda kakanta ya yi aikin kanikanci a rundunar sojin sama lokacin yaƙi, akwai kuma wanda tun yana yaro yake haɗa ƙananan jiragen roba yana ratayewa a ɗaki.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, duk Spitfire ɗin da aka ƙera aka tura fagen fama a Yaƙin Duniya na Biyu kujera ɗaya gare shi. Kuma har zuwa 2014, dokar Birtaniya ba ta yarda a karɓi kuɗin wani a ɗauke shi yawo a irin wannan jirgi ba. To daga ina kujerar ta fito, kuma me ya sauya a dokar?

Mu fara da kujerar. Jirgin farko na wannan samfuri, wanda injiniya R. J. Mitchell na kamfanin Supermarine ya tsara, ya tashi ranar 5 ga Maris, 1936, a Eastleigh kusa da Southampton. Mitchell bai ga yaƙin ba, ya rasu a 1937. An ƙera sama da 20,000 kafin a daina. A duk tsawon yaƙin, saurayin da za a ba Spitfire yakan koyi tuƙi ne a wasu jiragen horo, irin su Tiger Moth da Harvard, sannan rana ɗaya a nuna masa maɓallan cikin jirgin, a ce Allah ya kiyaye, ya tashi shi kaɗai. Babu malami a bayansa, don babu inda malamin zai zauna.

Sai bayan yaƙi, a 1946, kamfanin ya fitar da samfurin horo mai kujera biyu. An matsar da mazaunin gaba da ɗan abin da ya haura ƙafa ɗaya, aka buɗe na biyu a baya mai rufin gilashi da ya ɗan yi tozo don malami ya iya hango gaba. Rundunar sojin saman Birtaniya ba ta saya ba, hankalinta ya riga ya koma kan jiragen jet. Waɗanda suka saya su ne Indiya, Holan, Masar da Ailan, kuma duka-duka ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ailan ta karɓi guda shida a 1951, ta yi aiki da su har wajen 1960, kuma da yawa daga cikin nata ne suka tsira, suka zama tushen wannan sana'a ta yau. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne mai lamba ML407. Kafin a mai da shi mai kujera biyu ya yi yaƙi sosai, kuma da shi ne wani matuƙi ɗan New Zealand, Johnnie Houlton, ya harbo jirgin Jamus a sararin yankin Nomandi na Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944. Wani injiniya mai suna Nick Grace ya saye shi, ya gyara shi da hannunsa har ya sake tashi a 1985, ya kuma rage tozon rufin baya don jirgin ya fi kama da na asali. Da Nick ya rasu a hatsarin mota a 1988, matarsa Carolyn ta koyi tuƙa shi, ta shafe shekaru masu yawa tana wasa da shi a bukukuwan jirage.

Ke nan kujerar da fasinja ke zama a kai ba kujerar jarumin yaƙi ba ce, kujerar malami ce. Jirgin ma galibi samfuri na 9 ne, wanda ya fara aiki a 1942, ba samfuri na 1 ko na 2 da suka kare sararin Birtaniya a 1940 ba. Masu tallar suna yawan ambaton gwabzawar 1940 saboda ita ce ke motsa zukatan Turawan Ingila, ko da yake a wancan lokaci jirgin Hurricane ya fi Spitfire yawa, ya kuma fi shi harbo jiragen Jamus. Farin jini dai ba a rabon sa daidai.

Batun doka ne ya fi ɗaukar hankalina, don a nan ainihin maganar take. Jirgin fasinja na kasuwa yana tashi ne da cikakkiyar takardar shaidar lafiya, wadda ke nufin hukuma ta binciki tsarin ƙirarsa bisa ƙa'idojin farar hula, akwai kamfanin da ke tsaye a bayansa yana bibiyar duk wata matsala, kuma an gwada kusan duk wani abu da zai iya lalacewa. Spitfire ba ta da wannan, ba za ta taɓa samu ba. An tsara ta ne don ta yi gudu, ta yi juyi, ta ɗauki bindigogi, a zamanin da ba a sa ran jirgi zai daɗe kafin a harbo shi. Inji ɗaya gare ta, tankin mai yana gaban matuƙi, kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da shuɗewa. Saboda haka Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Birtaniya, CAA, tana ba irin waɗannan tsofaffin jiragen soja wata takarda ce mai ƙaramin matsayi, izinin tashi kawai, mai ɗauke da sharuɗɗa: da rana, cikin yanayi mai kyau, kuma a da, ba tare da fasinja mai biyan kuɗi ba.

Mutane sun yi ta neman hanyar kewayewa. Mai jirgi zai iya ɗaukar abokinsa kyauta. Wanda ke da lasisin tuƙi zai iya shiga a matsayin ɗalibi, kamar yadda makarantar Boultbee ta riƙa yi a Goodwood. Amma mutumin da ba shi da lasisi kuma bai san kowa ba, sai dai ya tsaya bayan shinge ya ɗaga kai.

A 2014 hukumar ta fito da wani tsari da ake taƙaita sunansa da SSAC. Ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce: an faɗa maka matakin tsaron da ke akwai, ka ji, ka gane, ka amince. Hukumar ba ta ce jirgin ya zama lafiyayye kamar na kasuwa ba. Cewa ta yi baligi mai hankali yana da 'yancin ɗaukar kasada don nishaɗinsa, kamar mai dira da laima ko mai tseren mota, muddin an bayyana masa girman kasadar ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma muddin ba a jefa mutanen da ke ƙasa cikin haɗarin da ba su zaɓa ba. Wannan sauyi ne babba a tunanin hukuma. A da aikinta shi ne ta hana ka. Yanzu aikinta shi ne ta tabbatar an gaya maka gaskiya, ta kuma sa ido kan kamfanin da ke ɗaukar ka: wane ne matuƙin, awa nawa ya yi a irin wannan jirgi, wa ke duba injin, ina littafin gyara.

Shi ya sa ranar tashin, abin da ya fi cin lokaci ba tashin ba ne. Kafin fasinja ya ko taɓa jirgin, za a zaunar da shi a nuna masa bidiyo, a yi masa bayani dalla-dalla cewa wannan jirgi bai kai na kasuwa aminci ba, cewa injin zai iya tsayawa, wuta za ta iya tashi, kuma yana iya mutuwa. Ana ba shi damar ya janye. Sannan a koya masa yadda zai fice idan matuƙi ya ba da umarnin a bar jirgi: a jefar da rufin gilashi, a kwance ɗamarar kujera amma ba ta laima ba, a fita, a ja zoben laima. Wannan bambanci tsakanin ɗamara biyu shi ne abin da ake ta nanatawa, don mai ruɗewa zai iya kwance duka biyun. Idan hanyar ta bi ta kan teku, ana ƙara rigar iyo. Akwai iyakar nauyi, galibi kilo 100 da ɗoriya kaɗan, da iyakar tsawo, kuma sai wanda ya kai shekara 18. Ba wulaƙanci ba ne. Mazaunin matsattse ne, nauyin da ke baya yana shafar daidaiton jirgin, laimar ma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Kuma dole mutum ya iya hawa fiffike ya shiga ya fito da ƙarfin jikinsa, don a sama babu mai ciccibar sa.

A ganina wannan zaman bayani shi ne ma'aunin da ya kamata mai niyya ya auna kamfani da shi. Inda aka yi maka shi a gurguje, ana raha ana cewa ai tsari ne kawai, to akwai abin dubawa. Inda aka sa ka maimaita matakan ficewa har sai ka iya su ido rufe, su ne suka ɗauki ranka da daraja.

Tashin kansa yana da nasa dokokin da jirgin ya gindaya. Injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce ne, silinda 12, lita 27, ruwa ke sanyaya shi, kuma lagiretonsa na ƙarƙashin fiffike ne, sai jirgi na gudu iska ke ratsa shi yadda ya kamata. A ƙasa, zafi yake ta tarawa. Saboda haka da zarar an tayar, babu zaman jira. Matuƙi yana kallon allurar zafi yana neman a ba shi titi. Ga hancin jirgin dogo, ya ɗaga sama saboda ƙaramar tayar tana wutsiya, ba a ganin abin da ke gaba ko kaɗan. Dole a riƙa tafiya ana karkacewa dama da hagu don a leƙa ta gefe. Ƙafafun tayoyin gaba kuma kusa suke da juna, shi ya sa iskar da ke bugowa daga gefe kan sa a soke tashi ko da sararin sama tas yake. Duk mai shirin zuwa daga nesa ya san da wannan: ana iya ɗage masa rana, kuma babu wanda zai yi wa faɗa.

Abin da ake kira tafiyar minti 30 yawanci ana ƙirga shi ne daga tayar da inji zuwa kashe shi, don haka abin da ake yi a sama bai fi minti 20 ba. Wanda ke son a kai shi fararen duwatsun gaɓar Dover, ko a bi ta kan dandalin tunawa da matuƙan 1940 da ke Capel-le-Ferne, sai ya sayi tafiya mai tsawo, kuɗin kuma ya ƙaru sosai. Ba a buɗe wa injin wuta kamar lokacin yaƙi. Samfuri na 9 yana iya kaiwa mil 400 a awa, amma da fasinja ana tafiya ne da kusan rabin haka, don a lallaɓa injin. Duk da haka ƙarar tana cika kai, ana jin warin mai da zafin ƙarfe, jirgin na karkarwa har cikin ƙashi. Idan an daidaita a sama, matuƙi kan ce wa fasinja ya kama sandar tuƙi, tunda mazaunin baya na malami ne kuma yana da komai na sarrafawa. Abin da yawancin mutane ke faɗa bayan sun sauko shi ne mamakin laushin sandar: taɓawa kaɗan, hanci ya ɗaga. Wanda cikinsa zai ɗauka, a yi masa mirginawar nan da matuƙa ke yi don murnar nasara, ko a yi alkafura a sama, inda nauyin jikinsa zai ninka sau uku ko huɗu na 'yan daƙiƙu. Wanda ba zai iya ba, akwai leda a kusa da gwiwarsa.

Me ya sa tsada haka? Fam 3,000 na minti 20 kamar rashin tausayi ne, sai an duba abin da ke bayansa. A 2009 an yi gwanjon wata Spitfire mai kujera biyu, SM520, a kan kusan fam miliyan 1.7. A 2015 wata mai kujera ɗaya, P9374, ta haura fam miliyan 3. Wannan kuɗin saye ne kawai. Injin Merlin sai an sauke shi an yi masa garambawul bayan 'yan ɗaruruwan awoyi, kuma an daina ƙera shi tun shekarun 1950. Kayan gyaransa ko dai tsofaffin ajiya ne, ko sababbi da ake ƙerawa ƙwaya-ƙwaya. Masu iya wannan aiki a duniya ba su da yawa. Ga inshora, ga man jirgi na musamman mai ɗauke da dalma da injin ke sha galan-galan, ga kanikawan da ke shafe awoyi a ƙasa kan kowace awa ɗaya da aka yi a sama, ga lokacin sanyi da jirgin ke kwance a rumfa ana warware shi ana dubawa alhali babu kuɗin da ke shigowa. Kafin 2014, duk wannan nauyi yana kan attajirin da ya mallaki jirgin ne, da ɗan abin da ake samu a bukukuwan nuna jirage da aikin fim. Yanzu fasinja ne ke ɗauke da kaso mai tsoka.

Ba baƙon abu ba ne a tarihin wannan jirgi a ce jama'a ne ke biya. Lokacin yaƙi an yi ta kafa asusun sayen Spitfire, aka sa farashin fam 5,000 kan kowane jirgi, garuruwa da ƙungiyoyi da ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya suna tarawa ana rubuta sunansu a jikin jirgi. Nijeriya ta ba da nata, har aka raɗa wa runduna ta 91 ta sojin saman Birtaniya, wadda Spitfire take tuƙawa, sunan Nijeriya. Kuma daga 1940, jiragen yaƙi da aka kawo cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a can ake harhaɗa su, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa Darfur zuwa Hartum, su ƙare a Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya, akasarinsu Hurricane da Blenheim da makamantansu, daga baya har da Spitfire. Mutanen Kano na wancan zamani sun ji wannan ruri na Merlin kyauta.

Sai tambayar da masu sha'awar abin ba sa son a yi musu: shin jirgin da za ka shiga ɗin na yaƙi ne da gaske? Amsar ta danganta da jirgin. Wasu, kamar ML407, tarihinsu a jere yake, ba a taɓa rasa inda suke ba. Wasu kuwa tarkace ne da aka tono. P9374 ɗin nan da aka sayar fam miliyan 3 ta faɗi ne a gaɓar Calais ta Faransa a 1940, yashi ya binne ta, ba ta sake bayyana ba sai 1980. Ƙarfen da ya kwana shekara 40 cikin ruwan gishiri ba ya sake tashi sama. Abin da ake yi shi ne a ɗauki ɗan farantin da ke ɗauke da lambar jirgin da duk guntayen da za su moru, a ƙera sauran sabo fil bisa zanen asali. Akwai kamfani a tsibirin Wight da wannan ce sana'arsa. A idon hukuma gyara aka yi, jirgin shi ne dai na da. Kamar gatarin gado ne da aka sauya wa ƙota, daga baya aka sauya ruwan, amma har gobe ana ce masa gatarin kaka. Ni ban ɗauki wannan yaudara ba muddin an faɗa. Hasali ma, idan ni ne a kujerar baya, na fi son ƙashin fiffiken ya zama ƙarfen bana, tarihin ya tsaya a kan faranti.

Kasadar kuwa ta gaske ce, ba ado ba ce a takarda. A watan Mayun 2025 wata Spitfire mai kujera biyu da ta taso daga Biggin Hill ta yi saukar gaggawa a kan cikinta a wata gona kusa da Hythe a Kent. Matuƙi da fasinja sun fito lafiya. Shekara guda kafin nan, a Mayun 2024, wata mai kujera ɗaya ta rundunar sojin sama da ke kula da jiragen tarihi ta faɗi kusa da Coningsby, matuƙinta Mark Long ya rasu. Wannan runduna ce da ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru ba. A Amurka, inda hukumar FAA ke ba da izini na musamman don ɗaukar fasinja a jiragen tarihi, kuma inda ake shiga tsohon jirgin yaƙi na Mustang mai kujera biyu a Kissimmee ta jihar Fulorida, an ga abin da ke faruwa idan sa ido ya yi sanyi. Ranar 2 ga Oktoba, 2019, jirgin B-17 mai jefa bama-bamai na gidauniyar Collings ya faɗi a filin jirgin Bradley da ke Connecticut ɗauke da mutum 13, bakwai suka mutu. Masu bincike sun gano gazawa a gyaran injuna, da raunin tsarin tsaron gidauniyar, da sakacin hukumar wajen bibiya, aka kuma janye mata izinin ɗaukar fasinja. Darasin da ke ciki ga tsarin amincewa shi ne, sa hannun fasinja ba ya da ma'ana idan abin da aka gaya masa game da gyaran jirgin ba haka yake ba. Ya amince da kasadar tsohon jirgi ne, bai amince da kasadar ganganci ba, kuma daga kujerar baya ba shi da hanyar bambancewa.

Wani abin da tsarin 2014 ya haifar, wanda ban tabbata waɗanda suka rubuta shi sun hango ba, shi ne ya sauya irin jiragen da ake farfaɗowa. Spitfire mai kujera ɗaya kuɗi take ci, mai kujera biyu kuɗi take kawowa. Don haka tarkacen da aka tono na jiragen da ba su taɓa samun kujerar baya ba, yanzu da dama ana gina su ne da kujera biyu tun daga farko. A 2020 ma an fito da Hurricane mai kujera biyu a Ingila don ɗaukar fasinja. Masu ra'ayin a bar tarihi yadda yake suna gunaguni cewa ana ɓata siffar jirgin, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, tozon nan na baya yana rage masa kyau. Amma Spitfire da ke iya tashi a duniya yau sun kai wajen 60 zuwa 70, sun fi na shekarun 1960 yawa nesa ba kusa ba, kuma masana'antun da ke ƙera fiffike da gyara Merlin suna ɗaukar samari koyon aiki ne saboda akwai layin mutanen da ke jiran a ɗaure su a kujerar malami.